Ƙorafin masoya Iron Man: wa ke da gaskiya kan sababbin fitowa?

Wani ƙanena a harkar karatu ya yi mini wannan tambaya: "Yaya, ni a fim na san Iron Man. Kwanan nan na fara karanta mujallunsa na zane na 'yan shekarun nan, sai na tarar masoyansa kullum cikin gardama suke. Wasu na cewa Marvel, kamfanin da ke buga su, ta gama lalata shi, wasu na cewa yanzu ne ma aka fara rubuta shi da hankali. Wa ke da gaskiya? Kuma ni ta ina zan kama?"

To ƙanena, na fi shekara ashirin ina bin labarin mutumin nan, tun daga wata tsohuwar fitowa mai yagaggen bango da na tsinta a wajen masu baza tsofaffin littattafai a bakin titi. Saboda haka bari in ba ka amsa da tsawo, don gajeriyar amsa za ta zalunci ɓangare ɗaya.

Ruwa ba ya tsami banza. Ƙorafin da kake ji yana da tushe. Sai dai yawancin masu yin sa sun ɗora laifin a inda ba nan yake ba. Abin da ka fi ji a bakinsu game da Tony Stark, wato mutumin da ke cikin sulken Iron Man, shi ne: "Mun gaji. Duk marubucin da ya zo sai ya ƙwace wa Tony Stark kamfaninsa, ya talauta shi, ya karya shi, ya mayar da shi shaye-shaye." Gaskiya ne haka ake yi. Amma wanda ya san asalin jarumin nan ya san cewa karyewar ita ce gininsa tun ranar farko. Abin da ya ɓaci a shekarun nan shi ne an daina ba karyewar lokacin da za ta yi ciwo, an kuma daina ba tashin lokacin da zai yi daɗi.

Ka duba yadda aka fara. Iron Man ya fara bayyana ne a mujallar Tales of Suspense, fitowa ta 39, a shekarar 1963. Stan Lee ya kawo tunanin, ƙanensa Larry Lieber ya rubuta, Don Heck ya zana, Jack Kirby kuma ya yi bangon. Lee ya sha faɗa a hirarrakinsa cewa da gangan ya zaɓi irin mutumin da matasan wancan zamani ba za su so ba, attajiri mai ƙera wa soja makamai ana tsakiyar yaƙin cacar baka, don ya ga ko zai iya sa su ƙaunace shi. Ya kwaikwayo shi daga Howard Hughes, attajirin nan na Amurka mai harkar jiragen sama. Me ya sa aka ƙaunace shi? Saboda a labarin farko an dasa masa mutuwa a ƙirji. Bam ya tashi da shi a Biyetnam, ɓarɓashin ƙarfe ya tsaya kusa da zuciyarsa, 'yan tawaye suka kama shi suka ce ya ƙera musu makami. Shi da wani dattijon masanin kimiyya, Ho Yinsen, suka ƙera sulke, dattijon ya ba da ransa don Tony ya samu 'yan mintunan da sulken zai ɗauki wuta. Daga nan har shekaru, farantin ƙirjin nan ne ke riƙe da numfashinsa. A tsofaffin fitowar za ka ga attajirin da duniya ke hassada yana rarrafe a ƙasa yana neman soket ɗin bango ya jona kansa kafin zuciyarsa ta tsaya. Sulken da ke sa shi fin kowa ƙarfi shi ne kuma kurkukunsa. Wannan shi ne Iron Man. Sauran duk ado ne, har da launin ja da ruwan zinariya, wanda sai a fitowa ta 48 mai zane Steve Ditko ya kawo shi; sulken farko toka-toka ne, kamar tukunyar ƙarfe.

Da aka gyara masa zuciya a labarin, sai marubuta suka nemi wani ciwon. A 1979 David Michelinie da Bob Layton, tare da mai zane John Romita ƙarami, suka kawo labarin da ake kira Demon in a Bottle, daga fitowa ta 120 zuwa ta 128. Wani abokin hamayyarsa a kasuwanci, Justin Hammer, ya samu hanyar sarrafa sulken daga nesa, ya sa hannun Iron Man ya kashe wani jakada a bainar jama'a. Tony ya faɗa kwalba. Kowa na yabon labarin nan, ni ma ina yaba shi, amma akwai abin da masu yabon ba su cika faɗa ba: ainihin faɗansa da giya kusan a fitowa ɗaya aka gama shi, ta ƙarshen, da taimakon budurwarsa Bethany Cabe.

Wanda ya ɗauki maganar da nauyinta shi ne Denny O'Neil, mutumin da shi kansa ya yi fama da giya a rayuwarsa, bai kuma ɓoye ba. Zangonsa shi ne ma'aunin da nake auna duk wani sabon marubuci da shi, don haka ka yi haƙuri in ɗan daɗe a nan. O'Neil ya kawo Obadiah Stane, bos ɗin da ba da naushi yake faɗa ba. Stane ya karanci Tony kamar yadda mai dara ke karantar abokin wasansa, ya gano inda raunin yake, ya yi ta matsa masa ta kasuwanci da ta soyayya har ya koma shan giya. A fitowa ta 170, a 1983, Tony ya bugu har ya kasa sa sulke, abokinsa James Rhodes, matuƙin jirginsa, ya ɗauka ya sa. Kamfanin ya koma hannun Stane. Tony ya koma kwana a titi. A fitowa ta 182 yana cikin dusar ƙanƙara a birnin New York, shi da wata mata mai ciki, ita ma mashayiya, ta haihu a hannunsa ta rasu, ya rungume jaririn cikin rigarsa har gari ya waye. Nan ya yanke shawarar zai rayu. Duk da haka ba washegari ya koma sulke ba. Ya tafi Kalifoniya, suka kafa ɗan ƙaramin kamfani da abokai, yana tsoron sulken kamar yadda yake tsoron kwalba. Sai a fitowa ta 200, ƙarshen 1985, ya sa sabon sulke ja da azurfa ya tunkari Stane. Fitowa talatin ke nan, shekara biyu da rabi, mai karatu yana jira wata bayan wata. Shi ya sa ranar da ya tashi, tashin ya yi nauyi.

Yanzu ka riƙe wannan lissafi. Mujallar Iron Man ta farko da aka fara a 1968 ta yi fitowa 332 a jere kafin a rufe ta a 1996. Matt Fraction da mai zane Salvador Larroca sun riƙe jarumin daga 2008 zuwa 2012, fitowa sama da 60, har suka ci kyautar Eisner, babbar lambar yabo ta mujallun zane a Amurka, a 2009. Amma daga 2012 zuwa 2024 an sake komawa lamba ta 1 a 2012, da 2014, da 2015, da 2016, da 2018, da 2020, da 2022, da 2024. Kusan kowace shekara biyu sabon marubuci, sabuwar lamba ta 1. Dalilin na kasuwa ne: fitowa mai lamba 1 ta fi sayuwa, shagunan mujallu a Amurka sun fi yin odarta, masu tarawa sun fi saye, sai ciniki ya riƙa sauka wata bayan wata har a ga gara a sake farawa. Kowane sabon marubuci kuma yana son ya nuna ya san jarumin, kuma hanya mafi sauri ita ce ya sake ba da labarin O'Neil: a ƙwace komai, a bar shi da basirarsa kawai. Sai dai shi ba shi da fitowa talatin. Yana da goma, ko ashirin in ya yi sa'a. Kafin mai karatu ya gama jin zafin faɗuwar, an tashe shi. Kafin ya ji daɗin tashin, wani ya zo ya sake kayar da shi. Ka ƙaddara littafin Hausa ne mai na ɗaya da na biyu da na uku, amma duk lokacin da ka sayi na biyu sai ka tarar an canza marubuci, an sake kashe auren da aka ɗaura a na ɗaya. Ko wane ne kai za ka gaji.

Akwai kuma abu na biyu da ke rura gardamar. Masu jayayyar ba Tony ɗaya suke so ba. Tsofaffin masu karatu sun san mutum mai kamewa, mai nauyin baki, injiniya da ke ɗauke da laifin makaman da ya ƙera. Waɗanda suka shigo ta fim ɗin 2008, irinka, sun san Tonyn Robert Downey ƙarami, mai zuba, mai tsokana, wanda bakinsa ba ya shiru. Bayan nasarar fim ɗin, mujallun ma suka karkata wajen wannan murya, musamman a zangon Brian Michael Bendis daga 2015. In marubuci ya rubuta shi da zolaya, tsofaffi su ce an mayar da shi ɗan wasa. In ya rubuta shi da nauyi, sababbi su ce wannan ba Tony ba ne. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Shekarun 2012 zuwa 2020 ba zan daɗe a kansu ba, don a ganina nan ne masu ƙorafi suka fi gaskiya. Kieron Gillen ya bayyana cewa Howard da Maria Stark riƙon Tony suka yi, ɗansu na cikinsu wani ne, Arno. Bendis ya kawo mahaifiyarsa ta asali, sannan ya kwantar da shi cikin dogon suma, sulken ya koma hannun wata yarinya haziƙa, Riri Williams, da kuma Doctor Doom, wani shahararren mugu a labaran Marvel. Dan Slott ya sa Tony ya yarda cewa shi ba mutum ba ne, kwafin mutum ne kawai, ƙirƙirarriyar basira a cikin sabon jiki. Riri dai ta zama riba, ta tsaya da ƙafarta a matsayin Ironheart. Amma sauran duk tono asali ne: wa ya haife shi, shi ne ko ba shi ba ne. Tambayar da ta dace da Tony Stark kuwa ita ce me ya ƙera, kuma wa abin ya kashe. Shekara takwas aka yi ana amsa tambayar da ba ita ce tasa ba.

Yanzu mu zo kan zanguna uku da suka biyo baya daga 2020, waɗanda na tabbata su ne kake jin hayaniya a kansu.

Christopher Cantwell ya karɓa a 2020, ya yi fitowa 25 zuwa 2022. Mai zane CAFU ne ya fara da shi, Alex Ross kuma ya tsara sulken ya riƙa zana bango, sulke mai kama da na da, wanda kana gani ka san ƙarfe ne. Babu zangon da ya raba kan masoya kamar wannan. Cantwell ya fitar da Tony daga kamfaninsa, ya zaunar da shi a wani gida a New York, ya haɗa shi da Patsy Walker, wadda ake kira Hellcat, jaruma mai tarihin taɓuwar ƙwaƙwalwa. A fitowar farko-farko Patsy na yawan gaya masa gaskiya a fuska: kai ɗan gata ne, ba ka san wahalar talaka ba, girman kanka ya yi yawa. Nan masoya da yawa suka fusata. Suka ce mutumin da ya kwana a titi, ya ceci duniya sau ba adadi, shi za a zaunar ana yi wa wa'azi kamar yaro? Ina ganin suna da rabin gaskiya. Cantwell ya rubuta fitowar farko kamar Tony bai taɓa koyon darasi ba a rayuwarsa, wannan kuma rashin adalci ne ga tarihin jarumin.

Amma waɗanda suka ajiye mujallar a fitowa ta biyar sun yi asara. Bos ɗin zangon, Korvac, ya karya wa Tony wuya, sulken ya zama shi ke riƙe da ƙashin wuyan, in ya cire kwalkwali zai iya mutuwa. Ka ga an dawo da farantin ƙirjin 1963 ta wata ƙofa. Don ya jure zafin, sulken na ɗura masa mofin, maganin kashe zafi mai sa maye, sai tsohon mashayi ya kamu da sabon maye. Daga baya ya samu ƙarfin da ya wuce na ɗan Adam a jirgin Galactus, wani ƙaton halitta mai cinye duniyoyi, kuma abin da ya yi da ƙarfin shi ne ainihin halin Tony Stark: ya yanke wa mutanen New York hukuncin abin da ya fi musu alheri ba tare da ya tambaye su ba, ya mayar da kowa mai basira irin tasa, garin ya rikice. Abokansa suka taso su hana shi, ya hallaka su, sannan ya farka ya ga abin da hannunsa ya yi, ya dawo da su, ya ajiye ƙarfin, ya kai kansa asibitin masu fama da shaye-shaye. Ya nemi auren Patsy ta ce a'a. Ni dai wannan ya taɓa ni. Mutum ne mai kyakkyawar niyya wanda bai yarda akwai matsalar da ta fi ƙarfin ƙwaƙwalwarsa ba, kuma kullum wasu ne ke biyan kuɗin kuskurensa. Aibin zangon shi ne jan labarin Korvac har kusan fitowa 19, ya yi tsawo ga mai saye wata-wata. In ka karanta shi a dunƙule sai ka ga ya fi yadda ake faɗa kyau nesa ba kusa ba.

Gerry Duggan ya biyo baya a ƙarshen 2022, da mai zane Juan Frigeri, fitowa 20. Shi masoya sun fi karɓarsa hannu bibbiyu, kuma na san dalili: Tonynsa mai dabara ne, yana shirya tarko, yana cin nasara da ƙwaƙwalwa. Wani attajiri mai suna Feilong, maƙiyin 'yan X-Men, jaruman nan da aka haifa da baiwar da ta wuce ta ɗan Adam, ya saye kamfanin Stark, ya ɗauki fasahar sulken ya ƙera manyan mutum-mutumin farautar 'yan X-Men da ita. Aka ɗaure Rhodes a kurkuku bisa ƙage. Tony ya haɗa kai da Emma Frost, ɗaya daga cikin 'yan X-Men, har ta kai su ga ɗaura aure a fitowa ta 10 a 2023, aure na dabara don su ɓoye shirinsu, Emma tana amfani da sunan aro. Kafin fitowar ta fito, masoyan Emma sun yi ta kumfar baki cewa za a mayar da ita matar wani kawai, masoyan Tony kuma suna cewa talla ce. Da aka karanta sai hayaniyar ta lafa, don zaman nasu ya yi armashi, mutum biyu masu taurin kai da suka fara ganin girman juna. Da yawa ma sun ji haushin rabuwarsu a ƙarshe.

Inda nake da ja shi ne labarin ba na Tony ba ne shi kaɗai. Rabinsa na cikin babban rikicin X-Men na wancan lokaci, wanda ake kira Fall of X. Wanda Iron Man kawai yake saye zai ga abubuwa na faruwa da ba a mujallarsa aka fara su ba, ba kuma a nan za a ƙare su ba. Fitowa ɗaya dala huɗu zuwa biyar ce, shafi kusan 20. A ce sai ka sayi wasu mujallu uku kafin ka gane taka, wannan ƙorafi ne na gaskiya, kuma ba laifin mai karatu ba ne. Duk da haka tushen labarin, wato fasaharsa a hannun azzalumi, ya yi daidai da jarumin. Shi ne tushen Armor Wars na 1987 zuwa 1988, inda Tony ya gano an sace sirrin sulkensa an sayar, ya bi duk mai sanye da shi yana lalatawa, har da na gwamnati, har abota ta ɓaci tsakaninsa da Captain America.

Sai Spencer Ackerman, wanda ya fara a watan Oktoba na 2024 da mai zane Julius Ohta. Wannan shi ne wanda ya fi ba ni takaici, saboda shi ne ya zo da tunani mafi kyau, shi ne kuma aka fi yanke wa hanzari. Ackerman ɗan jarida ne da ya shafe shekaru yana rubutu kan yaƙe-yaƙen Amurka da harkar leƙen asiri, yana cikin ma'aikatan jaridar Guardian da suka yi aikin bayanan Edward Snowden, wanda ya fallasa sirrin leƙen asirin Amurka. Mutum ne da ya san yadda cinikin makamai ke tafiya a zahiri. Tambayar da ya yi mai sauƙi ce, amma ba a cika yin ta ba: Tony ya karɓo kamfaninsa daga Feilong, to daraktocin da suka ɗanɗana ribar makamai a lokacin da ba ya nan fa, za su yarda a daina? Ba su yarda ba. Suka karkata ga sayar da kamfanin ga Roxxon, wani mugun kamfani, da A.I.M., ƙungiyar miyagun masana kimiyya. Justine Hammer, 'yar Justin Hammer ɗin nan na 1979, ta bayyana cikin sulken Iron Monger, sunan da Stane ya fara amfani da shi. Aka lalata wa Tony sulkunansa da sihiri, ya koma ya harhaɗa wani da hannu, mai ɗaurin fata da ƙusoshi a fili, da wani ƙaton takobi.

Takobin nan ya sha suka. Wasu suka ce me ya haɗa injiniyan zamani da takobi da sihiri? Wasu suka ce an cika siyasa, an cika zaman daraktoci da maganar hannun jari da ƙungiyar ƙwadago. Ga masu cewa an cika siyasa, amsata ita ce jarumin da aka haifa a yaƙin Biyetnam yana sayar wa soja makamai, wanda Warren Ellis da Adi Granov suka mayar da asalinsa Afganistan a labarin Extremis na 2005, wanda ya jagoranci ɓangaren gwamnati a Civil War na 2006, labarin da jaruman Marvel suka rabu biyu suka yaƙi juna, ba a taɓa raba shi da siyasa ba. A kan sihirin kuwa ina tare da masu suka kaɗan: dabara ce ta raba shi da kayan aikinsa cikin sauri, kuma ta yi sauƙi da yawa. Amma sulken da aka harhaɗa da hannu ya burge ni, don ya tuna mini da na farko, wanda ya ƙera yana tsare. Tun da aka koma sulken da ke fitowa daga jiki kamar ruwa ya zama duk abin da aka ga dama, an rage wa mai karatu jin cewa wannan abu ƙera shi aka yi, yana da nauyi, yana iya lalacewa, batirinsa na iya ƙarewa. Sulken da zai iya komai ba ya sa gaban mai karatu ya faɗi.

Rabin zangon na biyu ya faɗa cikin wani babban rikici da ya game mujallun Marvel, inda Doctor Doom ya zama sarkin duniya. Ackerman ya yi amfani da damar da kyau: ya sa Tony, mutumin da ya rantse ya bar cinikin makamai, ya fara ba masu tawaye wa Doom makamai. Shin rantsuwar tana nan in azzalumi ne a gabanka? In ka ba da makamin, wa zai riƙe shi bayan shekara biyar? Ɗan jaridar da ya ga yadda irin wannan ta ƙare a ƙasashe da dama shi ya fi dacewa ya bi tambayar nan har ƙarshenta. Sai aka rufe mujallar a fitowa ta 10. Abin da O'Neil ya samu fitowa talatin ya yi, an ba wannan goma, rabinsu ma na haya ne a labarin wasu.

To wa ke da gaskiya? Masu cewa an lalata Iron Man sun yi kuskure a kan marubutan, don ukun nan na ƙarshe kowannensu ya fahimci jarumin fiye da yadda ake ba shi, kuma kowanne ya bar aƙalla fitowa biyu ko uku da zan ajiye kusa da tsofaffin. Amma sun yi daidai a kan gajiyar da suke ji. Masu cewa yanzu ne aka fara rubuta shi da hankali kuwa, yawancinsu ba su karanta na shekarun 1980 ba. Da sun karanta da sun ga cewa abin da ke burge su jikan wancan ne.

Game da inda za ka kama, shawarata kada ka bi fitowa wata-wata tukuna. Ana tattara kowace fitowa biyar ko shida a littafi guda, kuma manhajar Marvel Unlimited tana ɗauke da tsofaffin, sababbin kuma suna shiga bayan kamar wata uku da fitowarsu. Tunda ta fim ka shigo, fara da Extremis, fitowa shida ce kacal, kuma Adi Granov da ya zana ta ya yi aiki a kan fasalin sulken fim ɗin, don haka idonka zai ga abin da ya saba. Daga nan ka shiga zangon Fraction, musamman inda wani mugu mai suna Norman Osborn ke farautarsa, shi kuma yana goge ƙwaƙwalwarsa da kansa kaɗan-kaɗan don kada sirrin abokansa ya faɗa hannun maƙiyi, yana komawa tsofaffin sulkuna masu sauƙi yayin da basirarsa ke raguwa, har ya ƙare a cikin na toka-tokan nan na farko. Bayan wannan sai ka koma baya ka karanta daga fitowa ta 120 zuwa ta 128, sannan daga wajen ta 160 zuwa ta 200. Zanen zai yi maka kama da na da, maganganun ma sun fi na yanzu yawa a shafi, amma ka daure. In ka kai ta 182, ka karanta ta a lokacin da ba ka gaggawa. Bayan nan ne za ka ɗauki Cantwell da Duggan da Ackerman a jere, kuma ina so in ji ra'ayinka kan fitowa ta 10 ɗin nan ta Ackerman, ko kai ma za ka ga inda aka tilasta masa naɗe tabarma labarin bai kai rabi ba.